Bindigar da Fentinta Bai Bushe Ba

"Kowa ya kwanta! Wanda ya motsa ya zama gawa!"

Muryar Oga ce ta cika shagon maƙerin zinariya. Rana ta take tsaka. Yaronsa Tsinke na bayansa, bindiga a hannu. A waje Burki direba na cikin mota, inji a kunne.

Mutum biyu ne a shagon: Maƙeri, dattijo mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, sai matarsa da ta kawo masa abinci. Ita ta zube. Shi ko gezau.

"Baba, ka kwanta mana," in ji Tsinke, kamar mai neman alfarma.

"Gwiwata ba ta lanƙwasuwa, ɗana. In na kwanta sai kun ɗaga ni."

To ga abin da Oga bai sani ba. Shi Oga ba ya taɓa bindiga da hannunsa, tun da ya ji cewa zanen yatsu ke kai mutum gidan yari. Tsinke ne mai riƙo, shi ne mai ajiya. Makon jiya, a wani kantin magani, Oga ya umarce shi ya harbi mai gadi. Tsinke ya ce bindigar ta cije. Ba cijewar da ta yi, zuciyarsa ce ta ƙi. A ranar ya jefa ta cikin tsohuwar rijiya. Da yake kafinta ne kafin wahala ta kai shi hannun Oga, sai ya cire ƙafar gadonsa, ya kwana uku yana sassaƙa. Ta fito sak! Saura fenti kawai, sai Oga ya matso da aikin gobe zuwa yau. Baƙin fentin nan da safen nan aka shafa shi.

Tartsatsa! Oga ya fasa akwatin gilashi, yana kwasar zobba da 'yan kunne yana durawa a jaka.

"Wannan sarƙar ta mutane ce, gyara aka kawo!" in ji matar daga ƙasa.

"Rufe mana baki, tsohuwa!"

Ya kai mata shuri. A nan ne hannun Maƙeri ya sulale ƙarƙashin teburi, ya fito da bindiga. Ta gaske. Mai lasisi. Shekara tara suna rigima a kanta da matarsa: ita ta ce a rabu da ita, zaro bindiga gaban ɗan fashi neman ajali ne, shi ya ce ba zai tsaya a yanka shi yana kallo ba.

Bakin bindigar ya tsaya daidai ƙirjin Tsinke.

"Harbe shi, Tsinke!" Oga ya daka tsawa.

"Harbe shi, Baban yara!" in ji matar da ta shekara tara tana cewa a rabu da ita.

Tsinke ya ga ramin nan baƙi ƙirin yana kallonsa. In ya ce itace ce, Oga ya farke shi. In ya yi shiru, dattijo ya fasa masa ƙirji. Zufa ta karyo masa, ta gangaro hannu, ta haɗu da fenti.

Ɗis. Baƙin ɗigo a farin tayil. Ɗis.

Yatsan Maƙeri na kan kunamar bindiga. Ya sa ɗayan hannun ya sauko da tabarau na goshi, wanda yake duba gwal da shi. Ya ƙura ido. Ya shaƙi iska.

"Ɗana, wa ya ƙera maka wannan?"

"Ni... ni ne, Baba."

"Hannunka na da kyau. Amma shekara talatin ina taɓa ƙarfe, ban taɓa ganin wanda ke zuba ba."

Ya kawar da bakin bindigar daga ƙirjinsa.

Oga ya juyo a hankali. "Tsinke. Ina bindigata?"

"Tana rijiya, Oga."

"Rijiya?! Ɗan iska, ka kashe mu!"

Wuƙa ta fito — walƙ! Oga ya fizgo matar, ya ɗora mata kaifi a wuya.

"Ajiye ta, tsoho, ko in —"

Dau!

Oga ya zube riƙe da cinya, yana kiran mahaifiyarsa. Zobba suka watse ko'ina. A waje taya ta yi ƙara: Burki ya ji harbi, ya fece, bai ko waiga ba. Bai yi nisa ba. A kwanar farko ya tarar da wani sajan na 'yan sanda da yaransa suna tura motar sintiri da ta mutu a tsakiyar titi. Ya taka burki, ya fito hannu sama tun kafin a tambaye shi.

A ofishin 'yan sanda Sufeto ya ajiye bindigogi biyu a teburi, ɗaya ta ɓata masa takarda da fenti.

"Baba, ka zaro ta gaske a kan ƙafar gado. Kana ganin daidai ne?"

"Yallaɓai, da na zaro ban san ƙafar gado ba ce. Da na gane, ban harba ba. Da wuƙa ta hau wuyan matata, na harba."

"Da ba ka gane ba fa?"

Maƙeri ya dubi Tsinke, da ke tsugune da ankwa, hannu baƙi har gwiwa.

"Da yanzu uwarsa na karɓar gaisuwa a kan itace. Ni kuma doka ta sake ni, barci ya ƙi ni."

"Na gaya maka a rabu da ita," in ji matar.

"Ke da kike ihun a harba?"

"Wannan daban. Lokacin ina ƙasa."

Kotu ta wanke Maƙeri. Oga ya samu shekara goma sha biyar da ɗingishi na har abada. Burki bakwai. Tsinke uku, don mai gadin kantin magani ya zo da ƙafarsa ya yi shaida cewa ya ƙi harbinsa.

Wata na huɗu, gandiroba ya leƙo ɗakin kafintoci na gidan yari.

"Tsinke, kana da baƙo."

Maƙeri ne, da tabarau biyu da takardar awo.

"Akwatin da ogan naka ya fasa nake so ka yi mini sabo. Na nemi izini, an ba ni."

Tsinke ya karɓi takardar. "Baba... bindigar fa?"

"Tana nan ƙarƙashin teburi. Har yau muna rigima." Ya juya zai tafi, ya tsaya a ƙofa. "Ba gaggawa nake ba, ɗana. Wannan karon ka bari fentin ya bushe."