Wa Ke Goge Jerin Foldar?

Ranar da saurayin nan mai gyaran kwamfuta ya fara shigowa shagon buga takardun Baba, 'yarsa Auta na fama da wasiƙar wani malamin makaranta. Kafin ta adana ta a kwamfuta sai ta buɗe folda, cikinta wata folda, har bakwai, mai wasiƙa na tsaye yana duba agogo.

Mai gyaran kwamfutar da Baba ya kira saboda firinta ya leƙo. "Kullum sai kin yi wannan doguwar tafiyar?"

Ta ɗago suka haɗa ido, ta yi saurin sunkuyar da kai.

Ya saka mata wata 'yar manhaja. Da ta zo adana aiki sai jerin foldar da take yawan shiga ya fito a gefe, dannawa ɗaya ta isa inda za ta.

"Kin huta, Matafiya," in ji shi. "Ba za ki sake nemana ba."

Abin da bai yi mata daɗi ba ke nan. Kwana uku ta daure, a na huɗu ta goge jerin da hannunta, ta tura masa saƙo: "Sannu da aiki. Abin nan naka ya ɓace."

Ya zo ya mayar, ta sake gogewa. A zuwansa na biyar ya daɗe yana kallon allon, don ashe manhajar na rubuta duk lokacin da aka taɓa ta. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Matafiyata, in zai sake ɓacewa, ya bari sai Laraba. Ranar nake da sarari."

Ta rufe fuska da mayafi, alhali ita kaɗai ce a shagon.

Baba kuwa ba yaro ba ne, kuma dama ɗan amininsa yake yi wa tanadinta. Wata Laraba ya tare saurayin a gaban masu jiran aiki.

"Kai yaro, aikin ne ba ka iya ba, ko da gangan kake lalata shi don ka riƙa yi mini sintiri? Kada in sake ganin ƙafarka a nan. Kuma sai duk layin nan sun ji halinka."

Duk shagunan layin shi ke yi musu gyara. Auta ta san cikin minti ɗaya zai iya buɗe bayanan manhajar ya wanke kansa. Ya kalle ta sau ɗaya, ya rataya jakarsa.

"Ka yi haƙuri, Baba. Laifina ne."

Kunya ta rufe ta har ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Yana kai bakin ƙofa ta miƙe.

"Baba, ni ce." Ta nuna kwamfutar. "Ni ke gogewa. Sau tara."

"Don me?"

Auta ta sunkuyar da kai. Wata mai jiran kwafi ta toshe baki tana dariya. Baba ya dubi 'yarsa, ya hau gyara zaman tabarau, don shi ma kunyar ta taɓa shi.

"Kai kuma ka sani, ka yi shiru?"

"'Yarka ce, Baba. Gara a ce aikina ne."

Kwana biyu Auta ko ido ba ta iya haɗawa da Baba. A na uku ya aika a ce wa saurayin ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe hannun angon ya ƙi saki. "Ka rufa mata asiri tun ba ta zama taka ba. Na ba ka ita da zuciya ɗaya. Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa naka asirin."