Ɓarawon Ayoyo

Tun bazara nake rainon ganyen ayoyo a lambun unguwarmu ta Morrisania, a nan Bronx inda muke zaman baƙunci, don miyar sunan jikata. Sai wani marar mutunci ya riƙa tsinke mini sabon tofo, yana barin tsofaffin ganye. Na rantse sai na kama shi. Na laɓe bayan tankin ruwa har magariba ta rufa.

Wani tsoho na gani tsugune a tsakiyar shukata cikin baƙar kwat, farin gemu ya zagaye masa fuska, farin mayafi yana jan ƙasa ta bayansa. Ɗanye yake tauna ganyen, hankalinsa kwance.

Na daka masa tsawa. "Baba, ba ka jin kunya? Da furfurarka! Kai ka sha rana ka shuka?"

Bai ɗago ba. Muryarsa ta fito kamar daga cikin tulu. "Ke ce Zuweira, 'yar Abdul-Fatawu mai injin yankan katako can gida a Nkoranza."

Duk Bronx ba wanda ya san mahaifina. Raina ya ƙara ɓaci, na cafke hannunsa.

Ya ce, "Shi ubanki ya tambaye mu kafin ya kayar mana da itatuwa?"

Yatsu huɗu dogaye na ji a tafina, ba babban yatsa, ba kuma tabon yanka. Na taɓa ganin irin hannun nan ina yarinya, a jikin baƙin biri mai farar jela da mahaifina ya harbo ya rataye a ƙofar gida.

Ko ganye ba ya motsi a lambun. Sai mayafin nan ya ɗago daga ƙasa, ya kaɗa.