Hoton Raƙiya a Jikin Kwalba

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, gari ya waye a Tawa da zafi mai ɗanko, hadari ya taru a gabas ya ƙi zuba. Raƙiya, wadda ta zo hutu daga Yamai inda take aiki a ɗakin binciken magunguna, tana dama kunu Inna ta shigo da 'yar kwalba tana murmushi.

"Duba, ɗiyata ta zama abin kallo a kasuwa!"

Hotonta ne manne a jikin kwalbar, cikin farar rigar aiki, wanda ta taɓa tura wa Muktari, saurayin da za ta aura bayan girbi. A ƙasa an rubuta: "Maganin zazzaɓin denge. An gwada a labo." Tsimin Elhaji Isufu ne, mahaifin Muktari.

An gwada a ɗakin binciken kam. Elhaji ne ya roƙe ta, ita kuma da hannunta ta ɗiga tsimin a kan ƙwayoyin halittar da suke renon cutar a cikinsu, kamar yadda suke yi wa duk abin da ake fatan ya zama magani. Cutar ko gezau ba ta yi ba, ƙwayoyin halittar ne suka mutu. Ta kuma faɗa masa haka. Yanzu da ta ga kwalbar, sai ta ture kunun gefe.

Da la'asar ta je ta durƙusa a zauren Elhaji.

"Baba, don Allah ku cire hoton. Maganin nan ba ya aiki."

"To ba ki gwada ba? Mi na rubuta na ƙarya?"

"Mutane za su zauna gida suna sha, ba su zuwa asibiti."

Ta dubi Muktari da ke zaune a gefe. Ya sunkuyar da kai. "Haba Raƙiya — hoto ne fa kawai. Ki bari a gama biki."

Wannan maganar ta fi kwalbar ba ta ƙyama.

"Yarinyar da ke ƙaryata ni tun ba ta shigo gidana ba!" in ji Elhaji. "Gobe a maido mini da akwatunan lefe."

Aka zo aka kwashe. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. "Kin kashe aurenki a kan takarda da gam!" Raƙiya ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma janye ba. Duk wanda ya tambaye ta a unguwa sai ta ce, "Ku kai mai zazzaɓi asibiti."

Ba a yi mako ba aka kawo Ummul Kulsum, ƙanwar Muktari, asibitin Tawa daga garin Kalfu a kwance, dasashinta na jini. Raƙiya ta riga dangin yarinyar isa asibiti, ta zauna tana ba ta ruwa da cokali. Da Muktari ya shigo, marar lafiyar ta buɗe ido.

"Yaya, na so zuwa tun farko. Da na ga hoton amaryarmu sai na ce ai ba ta yi mana ƙarya."

Muktari ya fita ya jingina da bango yana kuka. Shi ne ya ba mahaifinsa hoton.

Ummul Kulsum ta tashi da ƙyar. Ranar da aka sallame ta, Elhaji da kansa ya biyo akwatunan lefen da aka maido gidan su Raƙiya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ɗiyata, mi za ni yi?"

"Baba, akwai kwalabe a gidajen mutane har Barmu. A rubuta wa hukumar lafiya ta jiha, a haɗa da sakamakon gwajin, su yi shela a rediyo."

"Da sunana?"

"Da sunanku, Baba."

Ya ce a kawo biro.

Soyayyar da aka saya da ƙarya wani ne ke biyan ta da lafiyarsa. Wanda kuwa ya yi haƙuri a kan gaskiya, bai ci mutuncin manya ba, Allah ba ya tozarta shi.

Washegari Muktari ya tsaya gaban akwatin wasiƙu a gidan waya da ambulan ɗin takardar a hannu, ya juyo ya dubi Raƙiya.

"Kin yafe mini?"

"Jefa tukuna," in ji Raƙiya.

Ya jefa.