Ƙurar Asu a Goshin Jikata

Daren da zazzaɓi ya kwantar da jikata, ina zaune bakin gadonta, na buge wani ɗan ƙwaro da ya fito daga akwatin kaya, har na karya masa fiffike ɗaya. Fiffikensa ruwan zinariya, kansa da jan gashi. Asu ne, 'ya'yan nan, shi da ba ya ƙaunar haske.

Can sai wata mata ta yi sallama, ta raɓe nesa da fitila, hannunta ɗaya a karye.

"Kaka, rage hasken nan mana," in ji ta. "Dubiya na zo."

Ina kallo ta shafa goshin yarinyar, yatsunta suka bar ƙura ruwan zinariya. Da ta ƙara sunkuyawa, ɗankwalinta ya zame. Gashinta ja ne.