Shanu Lafiya

"Ba ni rufe takardag ga haka, Inna," in ji Saudatu. "Mutum na Chadi bakin wuta, ki ce mashi shanu lafiya kawai?"

Inna Dija ta kau da kai. "Ɗiyar boko, rubuta abin da nic ce."

Saudatu malamar firamare ce a Gummi. Tun da aka kwashi sojoji zuwa Chadi ƙarshen 1981, duk Asabar take bin ƙauyuka cikin 'yan sa-kai, tana karanta wa iyalan sojojin wasiƙu, tana rubuta amsa. Haladu, sojan da ake rubuta wa, ɗan farin Inna ne, kunya ba ta barin ta ko ambaton sunansa.

Sai Saudatu ta ƙara nata a ƙasa: "Inna ta ce shanu lafiya. Ni mai rubutu na ce hotonka na cikin kwallarta, kuma tun tafiyarka ba ta cinye tuwonta."

Hoton nan, ita ma ta daɗe tana kallonsa.

Bayan wata guda amsa ta iso Gwashi, ƙauyen su Inna: "A gaida Inna. Ke kuma, Alƙalamina, shekarata ashirin da biyar ban san haka ba. Kada ki daina."

Ba ta daina ba, ko da motar kasuwa ke sauke ta rabin hanya ta ƙarasa da ƙafa, dugaduganta duk kaushi.

Mahaifinta, Malam Labbo, ya kira ta. "Yawon ƙauye, da rubuta ma soja? Ga gurbin karatu ya fito Sakkwato. Ki tafi, ko ki fita sha'anina."

"Baba, in nit tafi, wa ka karanta musu?"

Daga ranar ya daina amsa gaisuwarta.

Da damina Haladu ya dawo a rame, kunnensa ɗaya ba ya ji. Kawunnansa sun zo nema masa auren Saudatu sau biyu, Malam Labbo ya ƙi fitowa. A na uku Inna Dija ce da kanta ta tsuguna a zaurensa har ya fito.

"Malam, Haladu nika roƙa ma."

Haladu na bakin ƙofa, ya juyo da kunnen mai ji. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Malam Labbo ya ce, "Allah shi yi musu albarka."

An ɗaura aure bayan girbi. Gurbin Sakkwato an ba wata, bai sake fitowa ba. Saudatu ta samu Haladu, ta rasa karatunta, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa ya yi mata ciwo ba.