Akwatin da Ba Shi da Mukulli

Tun kafin rana ta ɗaga gidan Alhaji Ja'afaru ya cika da mata, domin ranar ce sunan jaririn Luba. Gidan gandu ne a wani ƙauye bayan Tofa, inda 'ya'ya da jikoki ke ci daga rumbu ɗaya, kuma duk wani mukulli na gidan a aljihun Alhaji yake kwana. Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Hatsi ya yi tsada, masu satar mutane sun fara leƙo ƙauyukan yamma, kowa na kwana da kunne ɗaya a buɗe. Amma suna dai suna ne, sai da aka yanka rago aka sa wa yaro Khalilu.

Luba na zaune a bakin gado da jaririn a cinya, jikinta duk a mace saboda wankan jego. Mijinta Uwaisu, ɗan Alhaji, ɗan sanda ne. Saboda halin da ake ciki manyansa sun yarje masa ya riƙa tahowa gida da ƙaramar bindigarsa ta aiki, fistol, don ana iya kiransa a kowane lokaci. Kullum a turakarsa yake ajiye ta. To, ranar sunan abokansa za su cika turakar, shi kuma zai sa babbar riga ya zauna karɓar barka. Sai ya duba ɗakin matarsa, ya ga jeren kwallaye da samirun da aka kawo mata tun tana amarya, waɗanda tsawon aurensu bai taɓa ganin an ci abinci a cikinsu ba. Ya naɗe bindigar a tsumma, ya saka a samira ta can sama, ya fita yana jin ya yi dabara. Mu maza ana yawan ɗora mana laifin da ba namu ba, amma wannan karon kam babu mai tsaya mana. Wace mace ce ba ta san ranar suna ake sauke jere ba?

Da hantsi kwanuka suka ƙare. Gwaggo Larai, ƙanwar Alhaji, ta shigo tana faɗan mata sun yi yawa waina ta yi kaɗan, ta taka kujera ta fara sauko da samiru tana miƙa wa duk wanda ke kusa. Ta can sama ta faɗa hannun Furera, 'yar farin Luba, wadda ba ta ma isa shiga makaranta ba. Yarinya ta ji abu na ƙara a ciki, ta zauna a ƙasa ta buɗe.

Lokacin da Luba ta ɗago kai, Furera na tsaye a gabanta riƙe da bindigar da hannu biyu, bakin bindigar na kallon zanen da aka naɗe Khalilu. Murmushi take yi, tana so a yaba mata abin da ta tsinto.

Ɗakin ya yi tsit. Luba ta tsura mata ido. Ba ta iya kiran sunan yarinyar ba, don 'yar fari ce, kuma ko a wannan halin bakinta bai saba ba.

"'Yar Baba," ta ce a hankali, "kawo in gani. Ajiye min a nan kan tabarma, in ba ki tsiren ragon ƙaninki."

Yarinya ta sunkuya ta ajiye. Luba ta ɗora ƙafarta a kan bindigar ta ja ta ƙarƙashin gado. Da aka kira Uwaisu ya zo ya zare harsasan a gaban mata, bai iya haɗa ido da kowa ba.

Kafin la'asar labari ya kai Watari, garin su Luba. Mahaifinta Malam Muntaka, malamin allo da ba a san shi da ɗaga murya ba, ya zo da kansa. Bai zagi kowa ba. Ya yi wa Alhaji Ja'afaru barka, ya yi wa jariri addu'a, sannan ya ce zai tafi da 'yarsa da jikokinsa ta ƙarasa wanka a gida. Ba za ta dawo ba sai bindigar ta bar gidan, ko kuma an sama mata wurin da babu hannun da zai kai gare ta sai na mai ita. Luba ta yi kuka har muryarta ta dishe, don auren nan na so ne, ita ta zaɓi Uwaisu tun yana zuwa sayen tumatir a lambunsu na bakin dam. Amma ba ta musa wa mahaifinta ba. A ranta ma ta san yana da gaskiya.

A Watari ta ci gaba da wanka da shan kunun kanwa, tana jin abin da ke gudana ta waya. Uwaisu ya roƙi a bar shi ya riƙa ajiye bindigar a ofis, aka ce masa a irin wannan lokaci jami'in da ke kwana a ƙauye ba ya tafiya hannu sake. Saura neman ma'ajiya.

Alhaji Ja'afaru ne ya fara kawo shawara. Ya sa aka fito da tsohuwar adakar mahaifiyarsa, aka sayo sabon kwaɗo, ya ce a saka bindigar ciki a kawo masa mukulli, kamar yadda na rumbu da na shago suke hannunsa. Uwaisu ya duba adakar ya ga gara ta cinye gindinta, ko da wuƙa ana iya ɓalle marfin. Ya je wurin mai walda a Tofa, aka nuna masa akwatin kwano mai kyan fenti. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ce wanda ya shigo gidan ai sai ya ɗora shi a ka ya fita da shi, ya buɗe a daji a tsanake.

Daga nan ya tafi Dawanau wurin abokinsa Tasi'u, mai sayar da wake, wanda ya san inda 'yan kasuwa ke sayen sef, wato akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi. Aka nuna masa wani na zamani da ke buɗewa da yatsa, Tasi'u na ta zuga shi. Uwaisu ya tambaya me zai faru ranar da batir ya mutu, ko ranar da ya dawo daga gona hannunsa duk taɓo. Mai shago ya ce ai akwai mukullin ko-ta-kwana. Jin kalmar mukulli ya sa Uwaisu ya matsa gaba. A ƙarshe ya tsaya kan wani ɗan ƙarami mai kaurin ƙarfe, mai nauyin da sai mutum biyu, wanda ake murɗa lambobi ya buɗe. Ba batir, ba mukulli. Aka ce masa ana ɗaure shi da noti a jikin bango, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, don bangon turakarsa na ƙasa ne, ruwan damina biyu ya isa ya saki kowane noti. Ya dawo gida ya haƙa rami a kusurwar ɗaki, ya zuba kankare, ya dasa sef ɗin a ciki yadda ko da gatari sai an wuni.

Duk wannan Luba ta ji, ta fara haɗa kayan yara a zuci. Sai kuma wata sabuwa ta taso.

Alhaji Ja'afaru ya shiga turaka ya zagaya sef ɗin, ya nemi ramin mukulli bai gani ba. Da aka yi masa bayani sai ya ce to a faɗa masa lambar. Uwaisu ya durƙusa ya ba shi haƙuri, ya ce wannan ɗaya ce ba zai iya ba. Ran dattijo ya ɓaci ƙwarai. Ya ce tun da aka kafa gidan ba a taɓa rufe wa maigida wani abu ba, yau ɗan cikinsa ya mai da shi baƙo. Kuma idan ɓarayin mutane suka shigo Uwaisu na masallaci ko gona, sai a tsaya kallon ƙarfe? Tsoro ne ke cin tsohon, ba son mulki kawai ba, sai dai shi ko bindigar toka bai taɓa riƙewa ba. Ya daina amsa gaisuwar ɗansa. Ya kuma ce ba shi ba zuwa bikon Luba, kuma duk wanda ya je a cikin ƙannensa ba da yawunsa ba.

Arba'in ta zo ta wuce, babu wanda ya zo daga gidan miji. Matan unguwa suka fara tambayar mahaifiyar Luba ko lafiya. Luba ta rame, ruwan nono ya ragu, Furera kuma kullum sai ta tsaya a ƙofar gida tana duban duk babur ɗin da ya wuce.

Ana haka Gwaggo Larai ta zo, ta zauna kusa da Luba tana yi wa Khalilu wasa. Ta ce magana ta zo da ita mai sauƙi. Namiji ba ya ɓoye wa matar da yake so komai. Luba ta lallaɓa shi ya faɗa mata lambar, ita kuma ta raɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta kai wa Alhaji, shi ke nan kowa ya huta, gobe a zo biko da goro. Idan kuwa ya ƙi faɗa mata, to ta san matsayinta, ƙarfe ya fi ta daraja. Ta tafi ta bar Luba da wannan magana tana cin ta kamar ƙaiƙayi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Uwaisu ya zo shi kaɗai. Ya gaida Malam, aka ba shi izini ya ga iyalinsa a zaure. Ya rame shi ma, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Furera ta maƙale masa a ƙafa har sai da kakarta ta zo ta ɗauke ta. Sannan Luba ta yi magana kanta a ƙasa.

"Ofisa, in na tambaye ka abu za ka ba ni?"

Ya ce in dai yana da shi.

"Lambar nan nake so."

Ya ɗago ya dube ta. "Luba, duk abin da na mallaka naki ne. Amma wannan ba zan faɗa miki ba."

"Ko da a kanta zan zauna a nan?"

"Ko da a kanta ne," ya ce. "Na riga na ga abin nan a hannun 'yata sau ɗaya. Gara ki zauna a gidanku kina fushi da ni, yaran nan suna raye, da in mayar da ke in sake ganin haka. Ba don ban yarda da ke ba ne."

Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, ta yi kuka mai isarta. Shi kuwa a zatonsa aure ya ƙare. Da ta share hawaye sai ta tashi ta shiga wurin mahaifinta, ta durƙusa.

Ta gaya masa duk yadda suka yi da Gwaggo Larai, da abin da ta tambaya, da amsar da ta samu. Malam Muntaka ya tambaye ta to yanzu me take so.

"Baba, ina so in koma," ta ce. "Da ya faɗa min, wallahi kafin magariba Gwaggo ta karɓe ta a bakina, don ba zan iya kallon idon babba in ce a'a ba. Daga ita sai Alhaji, daga Alhaji sai duk wanda ya aika ya ɗauko masa. Ni na san kaina, shi ma ashe ya san ni."

Malam ya ajiye carbinsa. Ya ce sharaɗinsa ya cika, kuma ba ya buƙatar goron kowa. Washegari da safe shi da kansa ya sa 'yarsa da jikokinsa a mota ya kai su. Ya wuce wurin Alhaji Ja'afaru suka keɓe, babu wanda ya ji abin da suka tattauna. An dai ga Alhaji ya rako shi har bakin hanya.

Ba a ce dattijo ya huce nan take ba. Ya yi watanni yana amsa gaisuwar ɗansa da ka kawai, Gwaggo Larai kuma ta riƙa yi wa Luba habaici a wurin daka, wai matar da ba ta san sirrin mijinta ba. Luba ta haɗiye, ta ci gaba da kai wa surukinta fura da hannunta kowace rana. Sai da kaka ta yi, ranar da ake zuba dawa a rumbu, Alhaji ya hango ƙananan jikokinsa sun yi dafifi a ƙofar turakar Uwaisu suna wasa. Ya ɗaga murya ya tambayi ɗansa ko abin nan a rufe yake. Uwaisu ya ce a rufe yake, Baba. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce to ya zo ya kama masa buhu. A wurin mutanen gidan, wannan ita ce sulhun.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. Ba duk abin da masoyi ya hana ku ne rashin so ba, kuma ba duk biyayya ce ake yi da miƙa abin da aka tambaya ba. Uwaisu ya yi kuskure sau ɗaya, ya yarda ya sha fushin uba da hawayen mata don kada ya maimaita. Luba ta yi haƙuri da hanin da ya yi mata zafi, ta samu gidan da take iya barin 'ya'yanta su yi wasa a tsakar gida ta shiga ɗaki ta yi sallarta hankali kwance.