Wadda Lawwali Ke Kira

Wata bakwai bayan rasuwar matarsa Zubaida, Lawwali ya fara tara agoguna. Duk Lahadi, ranar kasuwar Illela, yakan tsaya wurin masu gwanjo ya zaɓi matattun agogunan hannu, na roba da na ƙarfe, waɗanda ba mai so. Ɗakin marigayiyar ya mayar wurin aiki. Bayan la'asar sai ya shige da ɗan sukudireba da hantsaki, ya buɗe bayan agogo, ya kankare tsatsa, ya sa batir. In allura ta motsa, sai ya juya wajen gadon da ba kowa ya ce, "Zo ki gani, ya tashi."

Ɗiyarsa Shahida, mai shekara goma sha biyar, tana tsakar gida tana jin sa. Ita tun da aka tashi makoki, maganarsa da ita ba ta wuce tambayar ko abinci ya nuna ba.

Wata Laraba, ana kiran magariba, tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗakin. Wata ta biyo. Lawwali ya leƙa, bai ga kowa ba. Washegari jifan ya dawo a daidai lokacin. A rana ta huɗu ya juya wajen gadon, sai ya ga Shahida zaune a kai, idanunta a kafe. Da ta buɗe baki, muryar tsohuwa ce ta fito.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta san kowa ba. Aka ɗauko Malam Izzuddeen daga Amarawa. Ya zauna kusa da kanta yana karatu a hankali, har jikinta ya fara kyarma. Ya tambayi mai maganar wa ya ba ta izinin shiga gidan mutane.

"Shi ya kira ni. Kullum da marece shina cewa in zo in gani. Na zo, bai dube ni ba. Na yi jifa, bai kula ba. Na ce bari in shiga yarinya, ashe ita ma ba ya dubanta."

Malam ya ce ba da ita ake ba, Lawwali da matarsa da ta rasu yake. Sai muryar ta nemi a bar ta a ɗakin, ko a bayan ƙofa, ba za ta taɓa kowa ba. Malam ya ƙi. Ta ce to za ta tafi, amma kada a sake kira a ɗakin da ba mutum. Lawwali ya amsa, kansa a ƙasa.

Shahida ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Lawwali ya matso ya kira sunanta.

Ta buɗe ido, ta dubi bayanta, sannan ta dube shi.

"Baba, da ni kake?"